Kakana Direban Jirgin Jos

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na je Birmingham na kunyata kaina, na haɗa har da kakana da ke kwance a kabarinsa a Zariya, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. A ofishinmu na akantoci a Manchester aka ce za a sallami mutum uku, kuma Mista Clive, shugaban sashenmu, shi zai rubuta rahoto a kan kowa. Takardar zamana a ƙasar kuwa a jikin aikin take rataye. Mista Clive dattijon kirki ne, matsalarsa ɗaya: jirgin ƙasa. Yana cikin wata ƙungiyar tsofaffi masu ƙarar da fanshonsu wajen bin layukan dogo da ke hawa duwatsu. Ni kuma an rene ni a kan cewa in babba na magana, naka "haka ne". Wata shida ina gyaɗa masa kai.

Rannan ya tambaye ni ko na san tsohon ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos. Na ce ƙwarai, ai kakana ma a tashar Zariya ya yi aiki (iyakar abin da na ji ke nan ina yaro). Ya ce direba ne? Na ce haka ne. Ya ce zan zo in yi wa ƙungiya bayani? Na ce in sha Allahu, irin wadda muke faɗa in ba mu da niyyar zuwa. Shi kuwa ya buga sunana a takardar taro.

Matata ta dube ni ta ce, "Baban Amira, kai da ko train ɗin Kaduna ba ka taɓa shiga ba? Ka gaya masa gaskiya mana." Na ce ta bari maganar sallama ta wuce tukuna.

Zauren taron a Birmingham sanyi ƙalau, an rage kuɗin ɗumama shi, kowa da kwat yana riƙe da kofin shayi. Aka kashe fitila aka fara haska hotuna. Wannan na maganar faɗin dogo, wancan na maganar haƙoran da jirgi ke kamawa in zai hau gangare. Kaina ya ɗaure tamau. Can na ji an ambaci sunana (ashe cewa aka yi ni ne na gaba bayan an sha shayi), sai ga hoton ɗan ƙaramin jirgi a tsakiyar baƙaƙen duwatsu. Na ɗauka lokacina ya yi. Na miƙe, na dafa ƙirji, na ce nan ne, nan kakana yake jan birki, mutanen ƙauye su kawo masa dankali.

Wata tsohuwa ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Wannan Italiya ce, bara muka je. Ga ni nan a taga da jar hula."

Sai a lokacin na kalli saman hoton. Dutse ne mai aman wuta, yana hayaƙi, ga dusar ƙanƙara a kansa. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na faɗi gaskiya cikin in'ina, na zauna. A jirgin komawa na kira Hajiyarmu. Ta ce direba kuma? Rake yake sayarwa a bakin tasha.

Mako biyu ina jiran takardar sallama. Da sunaye suka fito babu nawa, na Mista Clive ne a farko. Shi ya nemi a sa shi a ciki. Ranar da zai tafi ya miƙo mini wani tsohon hoton tashar Zariya da 'yan ƙungiya suka tono. A gefe ga wani mutum tsugune da tulin rake.

Ya ce, "Ko shi ne?"

"Haka ne" ta zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye ta na ce ban sani ba. Tun daga ranar na gane kalmomin nan uku ba sa korar mutum daga aiki, kuma da na faɗe su tun farko, da kakana bai je Italiya ba.