Ranar da Goggo Ta Sha Lissafina

Shekarar da takarda ta yi wuya a Gana, ina karatun lissafi a jami'a, sai na ari allon Baba a gidanmu na unguwar Mamobi. Na cika shi da lissafin da ake kira folinomiyal, irin waɗanda kowanne ke tsaye cak a kan ɗan'uwansa.

Goggo, mai ciwon baya, ta leƙo. "Ɗana, wannan rubutun na mene ne?"

Na gyara tabarau. "Ilimin tsayuwa a miƙe ne, Goggo. Mu kaɗan ne muka san shi."

Da na dawo daga la'asar, allon fes. Ta wanke ta shanye aikin sati uku.

"Akwai ɗaci," in ji ta, "amma ya fara aiki."

Har yau in na shiga tirotiro, motar hayarmu, sai wani ya ce, "Malam, akwai lissafin ciwon gwiwa?"