Hotunana Suna Sama

Ni ne na tara 'yan gidanmu a Gashuwa na yi musu lacca kan ajiye hotuna a intanet, wato gajimare, na zaɓi manhaja da kaina. Don haka ranar da wayata ta faɗa ruwa a Dagona, ko gezau ban yi ba.

"Yaya, hotunan sunan 'yarka fa?" in ji ƙanwata Falmata.

"Suna sama," na ce, har da gyara hula.

Na sayo sabuwar waya a Nguru, na buɗe manhajar a gaban kowa. Wayam! Ashe garin tsimin data na hana manhajar ɗora komai.

Har yau da hadari ya haɗo, sai Falmata ta leƙo: "Yaya, fito da bokiti, hotunanka za su sauko."