Afuwar Da Aka Yi Wa Zabuwa Lanti

A wani daji mai tafki ɗaya tak, damisa ta kama ɗan gada a bakin ruwa da hantsi, dabbobi suna kallo.

Masu gadin tafkin biyu ne. Tsohon biri Tanko yana kan tsamiya, in ya hango mugun abu sai ya girgiza reshe. Zabuwa Lanti tana ƙasa, in reshe ya motsa sai ta yi kuka kowa ya gudu. Ran nan ba ta yi kuka ba sai da aikin gama ya gama.

Majalisa ta zauna, Toron Giwa ne shugaba. Lanti ta ce reshe bai motsa ba. Dila ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara goma Tanko yana kan itacen nan, ba a taɓa kuka da shi ba. Zabi kuwa kowa ya san halinsu, kai a ƙasa, sai tsince-tsince." Shaidu huɗu suka yi magana, uku cikinsu ba su je tafki ba ran nan. Aka tambayi Tanko, ya ce, "Na yi aikina." Rana ta yi zafi, aka yanke hukunci: daga jibi Lanti da 'ya'yanta tara ba za su ƙara shan ruwan tafki ba. Rani ne, wani ruwan kuma tafiyar kwana uku ce.

Gyado Nomau, aladen daji, yana wurin. Tare suka tashi da Tanko tun suna yara. Shi kaɗai ya san idon Tanko ya mutu tun kaka. Kullum da safe yakan wuce gaba yana gurnani, Tanko yana bin sautin har gindin tsamiya, dabbobi suna cewa ka ga aminai.

A hanyar gida Nomau ya ce, "Tanko, ka faɗa musu."

"In faɗa in zama me? Makahon biri mai jiran a miƙo masa?"

"Ɗan gada ya tafi. Ga tara nan za su bi shi."

"Kai za ka tona ni, Nomau?"

"Na ba ka zuwa gobe. In ba ka faɗa ba zan faɗa, kuma a gabanka."

Gari ya waye, Tanko bai faɗa ba. Nomau ya shiga tsakiyar majalisa ya ce, "Tanko ba ya gani. Wata biyar ke nan ina jansa. Na rufa masa asiri don abokina ne, rufin ya ci ɗan gada. Laifin namu ne mu biyu. Lanti ba ta da hannu."

Wuri ya ruɗe. Dila ya ce, "Wanda ya ci amanar amininsa, wa zai gaskata shi? A kore shi tare da zabuwar!" Shaidun jiya suka ce dama sun daɗe suna zargin gyadon nan.

Sai Tanko ya tashi, ya juya fuskarsa inda yake tsammanin shugaba yake. Ya ce, "Ku ƙyale shi. Ba na gani. Ban girgiza reshe ba."

Uwar ɗan gada ce ta fara magana. Ta ce korar wani ba za ta dawo mata da ɗanta ba, ido take so a kan tsamiya. Aka shirya Lanti ta hau sama, Tanko ya zauna ƙasa, tunda kunnensa da hancinsa lafiya lau suke. Tanko ya lalubo wutsiyar Nomau ya ce, "Wuce gaba mana, sarkin baki. Ta ina zan bi?"

Dila ya gyara murya. "Saura abu ɗaya. Majalisa ba ta kuskure. Saboda haka ta yi wa Lanti afuwa. Lanti, durƙusa ki yi godiya."

Lanti ta tattara 'ya'yanta, ta dube shi.

"Ban yi laifi ba. Ba zan durƙusa ba."