Dodon Koɗin Kyaftin Borko

Wani ne a garin Nish, kofur, shekara talatin yana ƙame wa manya, ranar nan aka sallame shi da dinari miliyan ɗaya da rabi. Matarsa Milunka ta nuna masa rufin gidansu, ta ce, "Ka ga rariyar nan? A gyara ta kafin ƙanƙara ta sauko mana a gado. Kuma ka leƙa ofishin tsofaffin sojoji, ranar Talata ana ba da shawarar kuɗi kyauta."

Gogan naka ya goge takalmi ya tafi. Ya tarar da Zorica, wata ma'aikaciyar banki da ke sadaukar da Talatarta don irinsu. Ta saurare shi tsaf, ta ce, "Baba, raba shi uku. Ɗaya rufi, ɗaya banki saboda ranar tsiya, ɗaya ka riƙa lallaɓawa."

Ya dube ta sama da ƙasa. "'Yata, igiya nawa gare ki?"

"Ko zare ba ni da shi."

"To farar hula ba ta ba soja oda."

Yana fitowa sai ga tsohon ogansa, Kyaftin Borko, zaune yana kurɓar rakiya, barasar ƙasarsu. Shi wannan tun bara ya cinye nasa kuɗin sallamar, ya haɗa da motar surukinsa.

"Kofur! Nawa suka ba ka?"

Ya ƙame, ya faɗa.

"Madalla. Italiyawa cin dodon koɗi suke kamar ba gobe. Kiwo za mu yi. Kai kuɗi, ni ƙwaƙwalwa."

"An gama, ranka ya daɗe!"

Aka sayo dodon koɗi dubu hamsin, aka zuba a wani fili, aka kewaye da raga. Kyaftin ya cusa sauran kuɗin a aljihu, ya ce, "Zan leƙa Italiya in nemo kasuwa. Ka tsare ƙofar nan. Kada ka motsa."

Washegari aka yi ruwa. Dodon koɗi suka ji sanyi, suka fara hawan raga ta baya, suka nufi kabejin maƙwabci. Milunka ta kawo masa miyar wake, ta gani, ta ɗora hannu a ka.

"Kai, ga rufinmu can yana tafiya!"

"Na gani."

"To kama su mana! Ko kakata ta fi su sauri, kuma ta shekara goma a kabari!"

"Ƙofa aka ba ni. Ko ɗaya bai bi ta ƙofa ba."

"Sannu, jarumi. Ƙasa na alfahari da kai."

Kwana tara suna gudu, shi yana tsaye yana rubuta rahoto: "Yau abokan gaba sun ci taku huɗu." Agwagin maƙwabci kuwa suka yi ƙiba har suka daina tafiya. Rana ta goma Kyaftin ya bugo waya, ana jin kiɗa da ƙarar teku a bayansa. "Kofur, kasuwa ta ƙi. A ja da baya cikin tsari."

Ranar Talata Milunka ta tasa shi gaba har wurin Zorica. Ƙanƙara ta riga ta fara sauka, har da gadon. Ya cire hula, ya sa hannu a aljihu, ya fito da dodon koɗi ƙwaya ɗaya, ya ajiye a hankali kan tebur.

"Wannan ne kaɗai bai gudu daga bakin aiki ba. 'Yata, na yi nazari, na amince da shawararki. A raba uku."

Milunka ta yi wuf ta dafe shi. "Kada wanda ya taɓa shi! Duk gidanmu shi kaɗai ke da rufi."