Filin Tsere a Tafkin Ɗinya

Tafki ɗaya ne a Dajin Ɗinya, kuma tsarin shan ruwansa bai taɓa sauyawa ba: Zaki ya sha, fadawa su sha, masu shayarwa su jira laka ta kwanta. Ba wanda ya kira wannan adalci, amma dai ana sha.

Wata rana Dila, Wazirin Wasanni, ya miƙe a majalisa ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, dazuzzukan duniya na neman mai masaukin Babbar Gasar Tsere. Dajin Kanya ya nema. Dajin Marke, da ko zomon kirki ba su da shi, sun nema. Mu da muka haifi barewa, mu zauna a 'yan kallo?"

Kura ta ce masu dubawa da za su zaɓi mai masauki shimfiɗaɗɗen fili suke so, kuma duk dajin babu wuri mai kyan shimfiɗa kamar ƙasan tafki. A fasa gaɓa, ruwa ya tsiyaye, ga fili.

Daga can baya wata barewa mai suna Tabawa ta taso, ɗanta na maƙale da ƙafarta.

"Allah ya ja zamaninka, yaron nan bai isa yaye ba. In ban sha ba, me zai tsotsa?"

Dila ya yi murmushi. "Baiwar Allah, ana zancen martabar daji, kina zancen nono. Ai ɗan naki ne zai ciyo mana kofi wata rana."

"Sai ya rayu tukuna, Waziri."

Majalisa ta yi dariya, aka yaba wa Tabawa da iya raha.

Aka fasa gaɓa. Giwaye suka daddaɓe laka har ta yi sumul. Fadawa suka tanadi nasu ruwan a kogo, suka shanye shi wajen bikin buɗe fili. Iyaye mata suka koma lasar raɓa, nono ya janye, haƙarƙarin ɗan Tabawa ya fito.

Masu dubawa suka iso da rana tsaka, Jimina a gaba, ƙura har wuya. Dila ya soma jawabi daga tarihin kakan Zaki. Bai kai ga ubansa ba Jimina ta katse shi.

"Waziri, a garinku ba a ba baƙo ruwa kafin magana?"

Dila ya dubi Kura. Kura ta dubi Zaki. Zaki ya dubi sama.

Tabawa ta ce, "Kina tsaye a kansa, ranki ya daɗe."

Baƙi suka juya. Tabawa ta tura ɗanta gaba ta bi sawunsu, don mai ƙishirwa ba ya nufar inda babu ruwa. Sauran masu shayarwa suka biyo ta.

Kashegari majalisa ta zauna. Ta la'anci hassadar Dajin Marke, ta ƙara wa Dila girma, sannan ta amince baki ɗaya a nemi Gasar Ninƙaya, tunda ga tafki nan a shirye.