Bisa-Tsari Ya Kafa Tanti a Bakin Tafki

Mutum irin jami'in tsara zama na ma'aikatar nan sau ɗaya ake haifarsa a ƙarni, shi ma sai an taki sa'a. Shekara goma sha tara yana jera kujeru a ɗakin taro, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa wayar gari ƙaramin ma'aikaci ya zauna a kujera mai hannu ba. Ya san wanda ya cancanci mai juyawa, ya san na mai soso, ya san wanda ta roba ma alfarma aka yi masa. Ruwan gora ma ba ya ajiye shi haka kawai: Darakta biyu, mataimaka ɗaɗɗaya, sauran jama'a su haɗiyi yawu. Ba ya buɗe baki ya rufe bai ce "bisa tsari" ba, har sunan ya bi shi. Da ya ji ana kiransa Bisa-Tsari sai ya ɗauka karramawa ce, ya sa aka rubuta masa a jikin ƙofa.

Gidansa ma bai tsira ba. 'Ya'yansa a jere suke shigowa gaishe shi, babba a gaba, auta a baya, kuma uwargidansa ta sha cewa ko kyanwar gidan ta san kujerar da ba a hawa.

Amma wannan duk baiwarsa ta fili ce. Babbar baiwar ita ce sanin daji. A saman teburinsa akwai kalanda mai hoton tafki da itatuwa, wadda shekararta ta wuce tuni amma ya hana a cire. A ƙarƙashin teburin akwai takalmin sau-ciki mai kauri da ake goge masa duk Litinin, tafinsa bai taɓa ganin laka ba. Iyakar kwanan waje da ya taɓa yi shi ne a baranda, ranar da wuta ta ɗauke. Wannan bai hana shi tara masu neman sa hannu ya yi musu karatu ba.

"Mu mutanen daji," yakan ce, yana kallon kalandar, "ba ma tambayar hanya. Ƙasa muke karantawa. Ni in na sunkuya na kalli ƙasa sau ɗaya, zan gaya maka abin da ya wuce ta wurin jiya, da abin da yake niyyar wucewa gobe."

Abu ɗaya ne yake ci masa rai. Shi da ya raba wa mutane kujeru masu juyawa fiye da ɗari, bai taɓa mallakar tasa ba. Sai ga labari ya fito cewa za a buɗe sabon sashe na tsare-tsare da karɓar baƙi, mai shugaba guda, da ofis mai labule, da firji, da kujerar da ake juyawa a ba mutum baya. Bisa-Tsari ya so muƙamin nan har cikin ƙashinsa. Ya riga ya faɗa wa uwargida da surukinsa cewa magana ta ƙare, sa hannu kawai ya rage.

Ana cikin haka likita ya ce wa Darakta ya nemi iska mai kyau ya huta. Darakta, mutum mai sanyin magana da yawan shiru, ya ce a shirya wa ma'aikata fita ta kwana biyu, a kafa tantuna a bakin tafki kusa da daji, ba otal ba fanka. Ya kira Bisa-Tsari.

"An ce kai ne masanin daji. Nemo mana wurin da za mu sauka. Takardar sabon sashen nan tana kan teburina, in mun dawo zan duba ta."

Bisa-Tsari ya fita da baya yana godiya har ya buge ƙofa. A ranar ya kafa kwamitin zaɓen wuri mai mutum ɗaya, ya naɗa kansa shugaba, ya yi zama uku da kansa, aka kuma amince da duk shawarwarinsa ba hamayya.

Ranar tafiya ya iso da takalmin nan yana ƙara, da riga mai aljihu goma sha biyu, da madubin hangen nesa a wuya, da usur. A saman motar ma'aikata aka ɗaure tantuna tara, da guduma, da buhun turaku, da naɗin jan kafet na ɗakin taro. Darakta zai biyo baya a motarsa da rana.

Da hantsi suka isa tafkin. Direba, wanda ya saba kai mutane irin wuraren nan, ya tsaya a gindin wani tudu mai manyan itatuwa. Akwai inuwa, akwai iska, ga duwatsun murhu baƙi ƙirin, alamar wasu sun taɓa sauka sun ji daɗi.

"Yallaɓai, nan fa ya yi," in ji direba. "Ruwa ba ya kwanciya, sauro kaɗan ne."

Bisa-Tsari ya sa madubin hangen nesa ya duba tudun da ke taku goma a gabansa, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Wannan ai da'ira ce. Ba gaba, ba baya. In aka kafa tanti a nan, ta yaya baƙo zai gane babba? Ka tsaya a sitiyarinka, ka bar daji ga masu shi."

Aka wuce wuri na biyu saboda itatuwan ba su yi layi ba. Aka wuce na uku saboda wani kututture ya fi inda Darakta zai zauna tsawo. Sai can, da suka sha kwana, ya daka wa direba tsawa ya tsaya. Wani fili ne mai faɗi ya fito daga cikin daji ya miƙe sambal har bakin ruwa, ba ciyawa ko ɗaya, ƙasar a daddaɓe kamar tsakar gida. Idon Bisa-Tsari ya kawo ƙwalla. Ya ga mashiga, ya ga hanyar kafet, ya ga mazaunin babban baƙo. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin daji mai ladabi irin wannan ba.

Inna mai shara, wadda ta girma a ƙauye kafin aiki ya kawo ta birni, ta sauko tana kallon ƙasa.

"Ɗan nan," ta ce, "wannan ai mashaya ce. Ba ka ga sawun kofato ba? Ga kashinsu nan ma bai bushe ba."

"Inna," in ji Bisa-Tsari, yana murmushin da ake yi wa yaro, "na gani tun kafin ki gani. Wannan tsohon sawu ne, na bara ko bara waccan. Wancan kuwa ƙazanta ce, kuma ƙazanta sashenki ne. A share kafin Darakta ya iso."

Inna ta kalle shi, ta kalli daji, ta ɗauki tsintsiya. Ta share fes, har sawun ma ta baje, don ita mace ce mai cika aiki. Da Bisa-Tsari ya sake sunkuyawa ya karanta ƙasa, bai ga komai ba, sai ya kira kowa ya shaida cewa maganarsa ta fito.

Aka shiga kafa tantuna bisa tsari. Na Darakta a bakin ruwa, tsakiyar fili, ƙofarsa na kallon kafet. Bayansa na mataimaka biyu, dama da hagu. Sai shugabannin sassa, sai manyan akawuna, kowa gwargwadon matakinsa, ana ta yin baya zuwa bakin daji. Inna da direba da masinja kuwa aka tura su can kan gangaren da ke gefe, cikin ciyawa da itatuwa, inda ba za su ɓata hoto ba. Ƙasar filin ta yi tauri har turaku suna lanƙwashewa, akawuna suna zufa suna buga yatsu. Bisa-Tsari bai taɓa guduma ba, domin jagora ba ya rarraba hankalinsa. Yana dai busa usur, yana manna wa kowane tanti kati mai ɗauke da muƙamin mai shi. Tantin wani akawu sau uku ana tuge shi, saboda ya fi na shugabansa matsowa gaba da taku ɗaya.

Rana ta karkata Darakta ya iso. Aka taka masa a kan kafet har ƙofar tantinsa, aka zaunar da shi, aka ajiye masa gora biyu. Ya kalli ruwa, ya ja numfashi, ya ce wurin ya yi kyau. Bisa-Tsari ya ji kamar an riga an sa hannu. Ya zaro takarda shafi huɗu daga aljihu na bakwai, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, manyan baƙi, ƙananan baƙi, da waɗanda ke kan gangare. Zaɓen masauki a daji ba aikin kowa ba ne. Wasu suna duba inuwa, wasu suna duba iska, wannan duk aikin 'yan koyo ne. Masani kunne yake sawa. Ni da na tsaya a nan ɗazu, na yi shiru, sai na ji dajin nan da kansa yana yi mini magana, yana cewa..."

Daga cikin itatuwa wata saniya ta yi kuka, doguwar murya mai kauri. Wata ta amsa mata, sai wasu goma.

Bisa-Tsari ya ɗaga hannu ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, wannan sautin yana da nisan tafiyar yini. Bai sauke hannun ba ƙahoni suka ɓullo. Garke ne na shanu kusan sittin, suna tafe a natse a kan hanyar da suke bi kullum war haka, wata tsohuwar saniya mai ƙaho ɗaya a karye tana gaba. Ta iso bakin kafet, ta shinshina, ta hau.

A nan dole a yaba wa gwarzon, don bai gudu ba. Ya tare tsakiyar kafet, ya busa usur sau uku, ya miƙa tafin hannu.

"Dakata. An keɓe wurin nan. Wa ya gayyace ku?"

Saniyar ta dube shi irin kallon da shi yake yi wa masinja. Ta miƙo harshe ta karɓi shafi na biyu da na uku na jawabin, ta ci gaba da tafiya tana taunawa. Sauran suka biyo ta. Ba faɗa suka zo yi ba, ƙishirwa suke ji, igiyoyin tanti ne kawai suka shiga ƙafafunsu. Tantuna suka fara zubewa daga na akawuna, zuwa na shugabannin sassa, zuwa na mataimaka, ba wanda ya tsallake wani. Manyan ma'aikata suka ranta a na kare, kuma wannan karon ba wanda ya jira na gaba da shi ya fara wucewa. Darakta ya haye gangare da takalmi ɗaya. Tantinsa ne ya faɗi a ƙarshe, wani maraƙi ya fito daga ciki da katin muƙami manne a goshi.

Bisa-Tsari dai yana ja da baya yana busa usur, saniyar tana matsowa, har ya ji sanyin ruwan tafki ya kai masa ƙugu. Takalmin nan ya ga laka a karon farko, ya kuma yi zamansa a cikinta. Sai da ya zagaya ta cikin ciyawar ruwa ya fito da safa, aljihuna goma sha biyu kowanne yana tsiyaya.

Abin da ya tarar a kan gangare ya fi shanun tayar masa da hankali. Darakta yana zaune a kan bokitin Inna da aka kife, da kofin shayi a hannu. Mataimaki na ɗaya yana kan tayar mota. Direba ya miƙe ƙafa a tabarma ɗaya da shugaban sashe, masinja kuwa yana kan reshe, sama da kowa. Kuma duk dariya suke yi, har Daraktan da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba.

Makiyayin, wani dattijo mai sanda a kafaɗa, ya hauro yana ba da haƙuri. Ya ce shekara da shekaru nan suke sha, bai taɓa tarar da ɗaki a hanya ba. Darakta ya ce ba komai, idonsa na kan bakin ruwa. Tsohuwar saniyar ce kaɗai take sha, sauran sun tsaya. Da ta ɗago sai manyan suka matsa, bayansu matsakaita, 'yan maruƙa suna jira a baya ba hayaniya.

"Baba," in ji Darakta, "wa yake tsara musu wannan layin?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Kowacce ta san wadda ta girme ta."

"Ba kati? Ba usur?"

"Ba ko ɗaya."

Darakta ya kurɓi shayi, ya daɗe yana jinjina kai.

"Ikon Allah. Ashe ana yi ba jami'i." Ya juya wajen sakatariyarsa. "Takardar sabon sashen nan, ranar Litinin ki mayar da ita kabad."

Bisa-Tsari ya ji komai daga inda yake tsaye. Ya tuna uwargida, ya tuna surukinsa. Ya ɗan matso kusa. Sai a lokacin Darakta ya lura da shi tsaye yana ɗiga.

"Af, masanin daji, sannu da aiki. Nemi wuri ka zauna."

"A ina, ranka ya daɗe?"

"Ko'ina."

Ya duba dama, ya duba hagu. Shekara goma sha tara yana zaunar da mutane, bai san inda ko'ina yake ba. Yana nan tsaye har Inna ta ce masa ya ɗan matsa baya, yana jiƙa wa mutane tabarma.