Shari'ar Albasar Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a wani ofis mai sanyi a unguwar Treichville ta Abidjan, ina fassara wa kawuna kunyata da bakina, daga Faransanci zuwa Hausa, jimla bayan jimla. Wasu in sun tafka abin kunya sai su sunkuyar da kai su sulale. Ni kuwa sai da na yi wa tawa tafinta.

A Adjamé Liberté aka haife ni. Iyayena mutanen Nijar ne, babana ya zo Abidjan yana saurayi ya tsufa a nan. Ni ce mace ta farko a danginmu da ta karanci shari'a, kuma ba a bar ni na yi karatun cikin salama ba. Kowane suna, kowane biki, sai wata tanti (haka muke kiran gwaggo ko ƙawar uwa) ta tambayi Inna wai me mace za ta yi da gardamar kotu, ba ta gida ta ishe ta ba? Saboda haka da na gama na samu gurbin koyon aiki a ofishin wata lauya a Treichville, na shiga da kaina a sama kamar wadda aka naɗa minista.

Metir (haka ake kiran lauya a nan, mace ko namiji) ba ta ba ni wani babban aiki ba. Fotokofi, kai dosiye (fayil ɗin ƙara) kotu, amsa tarho. Amma ta ba ni lambar shiga wani rumbu a intanet da ake tara hukunce-hukuncen kotuna, mu muna ce masa baz. Ka rubuta irin matsalarka, ya fito maka da shari'o'in da aka taɓa yi masu kama da ita, ka ga nawa alƙalai suka saba yankewa. Da haka ake kintatar darajar ƙara, a san ko ta cancanci wahalar kotu ko gara a sasanta. Ni da na ga wannan abu, sai na ji duniya ta shigo tafin hannuna.

Ana cikin haka abu ya sami Kawu Mamman, yayan Inna. Shi dillalin albasa ne a kasuwar Adjamé, daga gida Nijar ake loda masa tirela. Wata mota ta iso Abidjan lafiya da kayansa, sai rigima ta ɓarke tsakanin direban da kamfanin sufurin, aka kulle motar a farfajiyarsu, tamfol a rufe, ga ruwan sama ga zafi. Kawu ya yi ta sintiri ana ce masa gobe. Ranar da aka buɗe ta, ko ƙudaje sai da suka ja da baya. Kamfanin ya ce zai ba shi ɗan abin da bai kai kuɗin buhunan wofi da dako ba, ya sa hannu magana ta mutu.

Kawu mutum ne mai haƙuri har ya yi yawa. Ya zo gidanmu ya ce wa Inna ƙaddara ce, zai karɓa, baƙo ba ya shari'a da ɗan gari. Wannan kalmar ta baƙo ita ta tsokane ni. Mutumin da ya yi furfura a Adjamé, ya aurar da 'ya'ya a nan, yake biyan haraji a nan, wai shi ne baƙo? Na ce masa kada ya kuskura ya sa hannu, ya ba ni lokaci in duba.

Washegari da safe, kafin Metir ta iso, na shiga baz. Na rubuta kaya sun lalace, mai sufuri, diyya. Shari'o'i suka zubo. Na riƙa wucewa ina yatsina fuska, wannan kuɗin kaɗan ne, waccan ba ta burge ni ba, har idona ya faɗa kan wata. Ɗan kasuwa ne, tumatir ne, mota ce aka riƙe, kamfanin sufuri ne. Ga adadi a shafi na biyu da sifili a jere kamar ƙwai a faranti: kuɗin kaya, ribar da aka rasa, zubewar mutunci a kasuwa, har da ɓacin rai. Kuɗin da zai sayi tirelar kanta ya yi saura. Na buga hukuncin duka a takarda, na ja wa adadin layi da jan biro, na cusa a jaka. Sauran shafukan na ce zan karanta a gbaka, wato ƙaramar bas ɗin haya. (A gbaka kuwa, duk wanda ya taɓa shiga ta Adjamé ya san ko numfashi da ƙyar ake yi, balle karatu.)

Da na yi shiru da bakina, da abin ya zo da sauƙi. To, a ƙarshen makon nan aka yi suna a gidan wata 'yar uwarmu, ga tantocin nan duka a zazzaune. Wata ta sake jefo tsohuwar tambayarta. Na ajiye cokali na ce mata amfanin karatun shari'a za ta gan shi kwanan nan, in Kawu ya karɓi diyyarsa. Na faɗi adadin. Nan take aka ɗauki salati. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Matar Kawu ta fara tambayar kuɗin kujerar Makka, abokansa suka fara kirana Metir, ni kuma ina amsawa ba ko kunya.

Kawu ya buga wa kamfanin ya ce bai karɓa ba. Suka ce to ya zo ya ga lauyansu. Ban gaya wa Metir ba, don na san za ta ce in bari ta duba, ni kuma so nake a ce ni na yi. Na ce mata zan raka kawuna asibiti. A bakin mutanen kamfanin ni tafinta ce kawai, tunda Faransancin Kawu na ciniki ne, ya san farashi ya san zagi, bai wuce nan ba.

Kawu bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da dattawan layin albasa, kowa ya sha babbar riga, cikinsu har da Alhaji Sani wanda ya yi boko a Yamai kafin ya faɗa kasuwa. Kuma bisa shawarata suka taho da buhu guda na ruɓaɓɓiyar albasar a matsayin shaida. Mai taksi na farko da muka tare a mararrabar Indénié ya shaƙa sau ɗaya ya ja motarsa. Na biyu sai da aka ƙara masa.

Lauyan kamfanin dattijo ne mai sanƙo da tattausar murya. Ya gaishe mu da ladabi, ya dubi buhun, ya tashi da kansa ya buɗe taga. Ya maimaita tayinsu. Ni kuma na miƙe tsaye (ba wanda ya ce in miƙe), na zaro takarduna, na ce kotu ta riga ta yi magana a kan irin wannan. Na karanta labarin mai tumatir da murya irin ta masu labarai a talabijin. Na karanta adadin sannu a hankali. Na juya na fassara wa su Kawu, suka gyaɗa kai, wani ya ce Allah ya yi mini albarka.

Dattijon ya nemi ya ga takardar. Ya duba saman shafin farko, sai na ga ya yi ɗan murmushi irin na wanda ya haɗu da tsohon aboki a hanya.

"Madmazel, kin karanta shi har ƙarshe?"

Na ce ƙwarai kuwa. Har na ɗaga gira.

"To taimaka ki karanta mana shafin ƙarshe. Da ƙarfi, don iyayenki su ji."

Na buɗe. Tun daga layin farko na gane na tafka. Adadin nan da na ja wa jan layi, abin da mai tumatir ya roƙa ne, ba abin da aka ba shi ba. A shafin ƙarshe kotu ta yi watsi da ƙararsa gaba ɗaya, ta kuma ɗora masa kuɗin shari'a. Ko dala bai samu ba. Na karanta har aya, muryata tana ƙanƙancewa. Dattijon ya ƙara da cewa ya tuna shari'ar sosai, don shi ne ya kare kamfanin a cikinta, sunansa na nan a shafin farko in na duba. Na duba. Yana nan, daidai da wanda ke rubuce a ƙofar da muka shigo.

Kawu ya taɓa hannuna. "Ɗiyata, me ya ce?"

Wallahi na yi tunanin in gyara fassarar. In ce yana neman lokaci, ko yana jin tsoro. Sai na haɗa ido da Alhaji Sani, ya sunkuyar da kai yana jan carbi kamar zai tsinka shi. Shi ya ji Faransancin sarai, babu mafita. Na ce, "Kawu, mai tumatir ɗin bai ci ba. Kuɗin da na faɗa muku, roƙonsa ne. An kore shi, kuma shi ya biya kotu. Wannan mutumin ne ya kayar da shi."

Kawu ya ce, "To." Wannan to ɗin ta fi mini mari zafi.

Dattijon ya ce tunda mun zaɓi hanyar kotu, tayinsu ma sun janye shi. Sakatariyarsa da ta shigo da ruwa ta dube ni ta ce yako, kalmar da ake faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa. A nan ne ya kamata mai hankali ta ba da haƙuri ta roƙi a mayar da tayin. Ni kuwa na tattara takarduna na ce masa waccan ya ci, wannan kuma ba tumatir ba ce, sai mun haɗu a kotu. Ban san da me na dogara ba, bakina ne kawai ya ƙi mutuwa. Da dattawan suka sunkuya za su ɗauki buhun, na ce su bar masa shi, kayansu ne, su suka dafa shi.

Muka haye gada muka koma. A gida Inna ba ta yi faɗa ba, ta dai zuba mini abinci ta ce in ci, wanda a wurinta ya fi faɗa. Yanzu ba maganar kunyata ba ce kawai. Na sa bawan Allah ya saki ɗan abin da ke hannunsa, ga jarinsa ya narke a bayan mota.

Da safe na shiga wurin Metir na kwashe komai na faɗa mata, har da ƙaryar asibiti. Ta wanke ni tas. Ta ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne (da Faransanci ta faɗa, amma ma'anar ke nan), kuma da dattijon ya so, da ya kai ƙarata don na yi aikin lauya ban zama lauya ba. Na tsaya na sha, don na cancanta. Amma da ta ce in je in lallashi kamfanin su dawo da tayinsu, na ce mata a'a. Na yi kuskure a lissafi, ban yi kuskure a kan cewa an zalunci Kawu ba. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta jawo kujera kusa da ita ta ce in zauna.

A ranar na koyi abin da baz yake yi da abin da ba ya yi. Ta nuna mini ana fara karanta hukunci daga ƙarshe, a ga abin da aka yanke, sannan a koma a ga dalili. A duba ko an ɗaukaka ƙara an rushe shi. Ba a zaɓar shari'a ɗaya don ta yi wa mutum daɗi, tarawa ake yi da yawa, har da waɗanda aka faɗi, a ga inda akasarinsu suka tsaya. Kuma doka ta sa wa abin da mai sufuri zai biya iyaka, sai in an nuna ganganci ya yi. Muka karanta mai tumatir tare, muka ga abin da ya kayar da shi: ya karɓi kayansa ya sa hannu bai ce uffan ba, sai daga baya ya zo yana kuka babu shaida. Metir ta tambaye ni ko Kawu ma haka ya yi. Na ce a'a. Tun ranar da za a buɗe motar ya kira ni, na hana shi sa hannu a takardar karɓar kaya, na kuma nace sai da aka kawo ma'aikacin shari'a ya gani da idonsa ya rubuta. (Wannan ma don taurin kai na yi, amma taurin kai wani lokaci yana faɗawa daidai.)

Metir ta karɓi dosiyen. Ni na yi tonon shari'o'in, wannan karon kowace har gindinta. Adadin da muka fitar, in aka ajiye shi kusa da wanda na shelanta a wurin suna, kamar akuya ce kusa da raƙumi. Amma yana da ƙafafun tsayuwa. Da wasiƙarta ta isa, dattijon nan da kansa ya bugo. Ba a kai ga kotu ba, aka sasanta. Kawu ya samu mafi yawan jarinsa, ya sake loda mota. Matarsa ba ta je Makka a shekarar ba, kuma ta tabbatar na san da haka.

A kasuwa har yau in na ratsa layin albasa sai wani ya ɗaga murya ya tambaye ni ya mai tumatir. Ina amsa musu cewa yana gaishe su. Tantocin ma ba su fasa ba, sai dai wadda ta fi kowa yi mini dariya ita ce ta fara zuwa ofishinmu a ɓoye, da rigimarta da mai gidan haya, tana roƙon kada in gaya wa Inna. Ta tambaye ni nawa nake ganin za ta samu. Na ce mata sai na karanta.

Abin da na koya ke nan: bakina ya fi idona sauri, kuma ba zan iya rage masa gudu ba, na gwada. Sai dai yanzu ina tura idon ya riga shi isa. Amma in ana jiran in ce na yi nadamar hana Kawu sa hannu, to a nemi kujera a zauna.